Kuɗin da ya fita bayan an daina amfani: nazarin lamarin soke sabunta rajistar VPN

Kamfanonin VPN (manhajar da ke ɓoye zirga-zirgar mutum ta intanet) da yawa salon ciniki ɗaya suke yi. Idan ka biya na wata guda, da tsada. Idan ka biya na shekara biyu a dunƙule, sai lissafin kowane wata ya faɗo ƙasa warwas, har mutum ya ga ai asara ce ya tsaya kan na wata. Abin da ba sa rubutawa da manyan baƙaƙe shi ne rangwamen na zangon farko ne kaɗai, kuma da ka latsa maɓallin biya ka ba su izinin komawa cikin katinka su ɗebi kuɗin zango na gaba ba tare da sun sake tambayarka ba. Lamarin da zan zayyana a nan ya faru da wata ƙanwata ce mai aikin fassara daga gida. Ba zan ambaci sunanta ba, ba kuma zan ambaci kamfanin ba, domin abin da ya same ta tsari ne da ya game kasuwar, kama sunan kamfani ɗaya zai sa mai karatu ya zaci sauran sun kuɓuta.

Yadda ta shiga

Wani da take yi wa aiki ne ya gindaya mata sharaɗin kada ta riƙa aika takardunsa ta Wi-Fi na jama'a sai da VPN. Sharaɗin yana da ma'ana. Manhajar tana kulle bayanan da ke fita daga na'ura, ta bi da su ta wata kwamfutar kamfanin da ake kira saba, ta yadda mai Wi-Fi ko kamfanin layi ba zai ga shafukan da take shiga ba, shafin da ta shiga kuma adireshin sabar zai gani maimakon nata.

A kwamfutarta ta yi rajista, a shafin kamfanin kai tsaye, da katin banki, ta ɗauki na shekara biyu. Da yake maganar sirri ake yi, sai ta ga ya dace ta buɗe sabon imel na musamman don wannan rajistar, kada ta haɗa shi da na aikinta. Dabara ce mai kyau a fuskar sirri, kuma ita ce daga baya ta rufe mata ido. Bayan nan ta sauke manhajar a wayarta ta Android ta shiga da wannan asusun. Aikin ya ƙare tun kafin shekara biyun su cika, ta goge manhajar daga waya da kwamfuta, ta ci gaba da harkokinta.

Dalilin da ya sa hankalinta ya kwanta

Ba sakaci ne tsagwaronsa ba. Ta yi tunani a kan maganar, kuma tana da hujjojin da kowane mai hankali zai iya dogara da su.

Ta ɗauka goge manhaja ya raba ta da kamfanin. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, har Google da Apple sun rubuta ƙarara a shafukansu na taimako cewa cire manhaja ba ya soke rajista. Manhajar ƙofa ce kawai, yarjejeniyar tana can a rubuce a wani wuri. Kamar ɗan haya ne da ya kwashe kayansa ya kulle ɗaki ya tafi bai sallami mai gida ba: shi a ganinsa ya tashi, a littafin mai gida kuwa wata yana ta ƙirguwa.

Hujjarta ta biyu ta fi ƙarfi, kuma a nan ne ainihin lamarin yake. Ta taɓa jin cewa ana duba irin waɗannan rajistoci a Google Play, don haka ta shiga, ta buɗe sashen biyan kuɗi da rajista, ta tarar babu komai. Ta ce shike nan, babu abin da ke tafiya. Alhali Google ba ya nuna rajista sai wadda kuɗinta ya bi ta hannunsa. Ita kuwa a shafin kamfanin ta biya, manhajar wayar shiga kawai ta yi da ita. Umarnin cire kuɗi yana zama ne a wurin da aka fara biya, kuma can kaɗai ake iya kashe shi. Wanda ya saya ta iPhone, Apple ne ke riƙe da umarnin, sai ya shiga saitin wayar, ya taɓa sunansa, ya nemi jerin rajistocinsa. Kamfanin VPN ɗin ma ba shi da ikon soke masa ko mayar masa da kuɗi, sai dai ya tura shi wurin Apple. Wanda ya saya ta Google Play, can zai koma, kuma da asusun Google ɗin da ya yi sayayyar, domin mai asusu biyu a waya ɗaya yakan duba wanda ba shi ba. Wanda ya biya ta PayPal, wani tsarin biyan kuɗi ta intanet, zai ga yarjejeniyar a sashen biyan kuɗi na atomatik, yana iya yanke ta daga can. Wanda ya sa lambar katinsa a shafin kamfani, kamar ƙanwata, sai ya shiga asusunsa a shafin ta burauza. Sau da yawa manhajar waya ba ta ma da maɓallin.

Ta uku kuma, katin da ta yi rajistar da shi ya ƙare wa'adi, banki ya ba ta sabo mai sabuwar ranar ƙarewa. Ta ɗauka ko sun zo cira ba za su samu ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Visa da Mastercard duk suna da tsarin da ke miƙa bayanan sabon kati ga 'yan kasuwar da ke cire kuɗi lokaci-lokaci, idan bankin da ɗan kasuwar suna cikin tsarin. An yi shi ne don kada hidimar da mutum yake buƙata ta yanke masa saboda canjin kati. Amma tsarin ba ya bambance hidimar da kake so da wadda ka manta da ita.

Ranar da alat ya shigo

Sunan da ya fito a saƙon banki ba sunan manhajar ba ne. Wasu haruffa ne da sunan wani gari a wata ƙasa. Ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, an shiga asusuna, yanzu zan kira banki su rufe katin." Na ce ta dakata tukuna, ta karanto mini sunan harafi-harafi. Da muka bincika sai ga shi sunan kamfanin da ke karɓar kuɗi ne a madadin masu manhajar. Wannan ma ruwan dare ne: sunan talla daban, sunan kamfanin da ya mallake shi daban, wani lokaci mai karɓar kuɗin ma wani na uku ne.

Abubuwa biyu suka ƙona mata rai. Kuɗin da aka cira na shekara ɗaya ne, amma ya kusa kamo abin da ta biya wa shekara biyun farko, tunda rangwame ya ƙare an koma farashi na asali. Sannan ranar da ta sani a matsayin ƙarshen wa'adinta ba ta ma zo ba, da sauran kusan mako biyu. Wasu kamfanonin suna rubuta wa kansu wannan damar a cikin sharuɗɗa, cewa a dogon zango za su cira kwanaki kafin ƙarewa, wai don kada hidima ta katse idan katin ya ƙi. Ma'anarsa ita ce wanda ya sa wa kansa tuni a ranar ƙarshe ya riga ya makara.

Neman maɓallin

Kalmar sirri ta ɓace mata, sai da aka nemi sabuwa, kuma saƙon ya tafi wancan imel ɗin da ta buɗe ta watsar. Da ƙyar ta tuno yadda ake shiga. A ciki muka tarar da tulin tallace-tallace daga kamfanin, kuma a tsakiyarsu, ba a buɗe ba, ga sanarwar sabuntawa. Sun aiko. Kan saƙon bai ambaci kuɗi ba, magana yake a kan ci gaba da samun kariya, sai ka buɗe ka gangara ƙasa kafin ka ga adadi da rana. Ko da tana duba akwatin kullum, da wuya ta bambance shi da sauran.

A shafin farko na asusun, abin da ya cika allo tayin ƙarin shekaru ne. Maganar sabuntawa tana ƙarƙashin sashen biyan kuɗi, a wani ɗan rubutu siriri. Ta latsa, aka tambaye ta dalili. Ta zaɓa, aka kawo mata ragi. Ta ƙi, aka kawo shafi mai jan launi yana gargaɗin cewa masu kutse za su ga duk abin da take yi. A kowane mataki maɓallin da ke cewa a ci gaba da rajista babba ne mai haske, na sokewa kuwa toka-toka ne a gefe, kuma ba a wuri ɗaya yake zama ba, inda yatsa ya saba latsawa a shafin baya nan ake ajiye na fasawa a shafi na gaba. A nan ta yi kuskuren latsawa, aka mayar da ita farko da saƙon godiya cewa ta zaɓi zama. Ta sake bi a hankali tana karanta kowane layi. A ƙarshe aka ce an aika mata imel, sai ta latsa mahaɗin da ke ciki kafin sokewar ta tabbata. Wanda ya rufe shafin a nan yana murna, rajistarsa tana nan da ranta.

Irin wannan ƙirar tana da tarihi. Tun 2010 wani masanin tsara shafukan intanet ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara dabarun da ake gina shafi da su don a karkatar da mai amfani zuwa abin da bai yi niyya ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ya nuna shi ne shiga cikin sauƙi, fita da wahala. Babu mataki ɗaya a cikinsu da za ka ce ƙarya ne. Tara su da aka yi ne ke gajiyar da mutum.

Na sa ta ɗauki hoton allo na shafin da ke nuna an kashe sabuntawar, da ranar a jiki, ta kuma adana imel ɗin tabbatarwa.

Maganar dawo da kuɗi

Kashe sabuntawa da neman kuɗi buƙatu biyu ne mabambanta, kuma a nan mutane ke sakin jiki. Abin da ta yi zuwa yanzu ya hana cirar baɗi ne kawai. Kuɗin bana yana hannunsu, kuma babu maɓallin da ke dawo da shi, sai an yi magana da mutum.

Ta buɗe akwatin hira. Na'ura ce ta fara amsawa, tana turo mata mahaɗan shafukan taimako, sai da ta nace tana son ma'aikaci. Da ya zo ya yi mata magana cikin ladabi, ya ce garantin mayar da kuɗi na kwana 30 da ake tallatawa na sayayyar farko ne, bai shafi sabuntawa ba. Mun duba sharuɗɗan, haka aka rubuta. Ya yi mata tayin rage wani kaso ta ci gaba da amfani. Ya yi tayin ƙarin watanni kyauta. Ban ga laifinsa ba, aikin da aka ɗora masa ke nan, kuma zaginsa ba zai kawo kwabo ba.

Shawarar da na ba ta ita ce kada ta shiga musu, kada ta yi dogon labari, ta tsaya kan magana ɗaya: ba ta buƙatar hidimar, ba ta yi amfani da ita ba tun da aka cira, sabon zangon ma bai fara ba, tana neman a mayar mata da kuɗinta gaba ɗaya zuwa katin da aka cira. Duk tayin da ya kawo, ta gode masa ta maimaita. Wannan cirar da wuri da ta ɓata mata rai ita ce ta zame mata hujja mafi ƙarfi, domin ana neman riƙe kuɗin abin da ba a ma fara bayarwa ba. Daga bisani ya ce zai miƙa wa sashen kuɗi a matsayin alfarma ta musamman. Ta nemi lambar ƙorafin da kwafin hirar a imel, ya turo. Kuɗin ya dawo bayan 'yan kwanaki, domin mayarwa ta kati sai ta bi ta bankuna kafin ta bayyana.

Kalmar alfarma ta tsaya mini a rai. Tana nufin wanda bai iya nacewa ba, ko bai iya harshen da ake hirar da shi ba, ko bai lura da alat ɗin ba sai bayan wata biyu, ba zai samu ba.

Me ya sa ba mu fara da banki ba

Da ta bi ra'ayinta na farko ta ce wa banki sata aka yi mata, da ta faɗi abin da ba haka yake ba, ko da ba da gangan ba. Kamfanin zai fito da shaidar ranar da ta amince da sharuɗɗa da sanarwar da ya aika, kuma akwai yiwuwar ta faɗi. Tsarin ƙalubalantar cira ta banki yana da gurbi na musamman ga wanda ya soke rajista amma aka ci gaba da cire masa, sai dai gurbin yana buƙatar shaidar cewa ka soke kafin a cira. Wannan ne amfanin hoton allo da imel ɗin tabbatarwa: idan baɗi suka sake taɓa katin, a lokacin tana da ƙara mai ƙarfi. Ƙofar banki ba ta daɗewa a buɗe, a katunan Visa da Mastercard galibi kwana 120 ne, don haka idan kamfani ya yi ta jan ƙafa bai kamata a zauna jiransa har lokacin ya wuce ba. Rufe kati kuma ba ya soke yarjejeniya, yana hana biya ne kawai, kuma mun riga mun ga yadda sabon kati ke iya bin sawun tsohon.

Abin da dokoki ke cewa

Kariyar da mai saye yake da ita ta danganta da inda yake zaune, kuma bambancin yana da faɗi. A Amurka akwai dokar tarayya ta 2010 da ta wajabta wa masu sayarwa ta intanet su bayyana sharuɗɗa a fili, su sami amincewar mai saye, su kuma samar da hanya mai sauƙi ta dakatar da cira. Da ita hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta kai Amazon kotu kan rajistarsa mai sabunta kanta da ake kira Prime, aka sasanta a Satumba 2025 kan dala biliyan 2.5 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Hukumar ta kuma fitar da ƙa'ida a Oktoba 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yuli 2025, kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki gadan-gadan, saboda hukumar ta tsallake wani mataki wajen tsara ta. Jihar Kalifoniya tana da tata dokar, wadda tun 2022 ta tilasta aika tuni tsakanin kwana 15 zuwa 45 kafin sabunta rajistar shekara ko fiye.

Jamus ce ta fi burge ni. Tun 1 ga Yuli 2022 dole shafin da ke sayar da irin wannan rajista ya sa maɓallin sokewa a bayyane. Kuma a yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga Maris na shekarar, idan zangon farko ya ƙare ba a ɗaure mutum da wata cikakkiyar shekara, yana iya fita da sanarwar wata ɗaya. Indiya ta bi ta wajen banki: tun Oktoba 2021 babban bankin ƙasar ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin cira ta atomatik, ya kuma sami damar hanawa. Da irin wannan sanarwar ta zo wa ƙanwata ta wayarta maimakon wani imel da ta manta, da duk wannan bai faru ba.

Ina laifin yake

Idan takarda za a bi, kamfanin ya wanke kansa. Ya rubuta, ta amince, ya aika tuni. Ita ma tana da nata kason: ta ba da adireshin da ba ta dubawa, ba ta kuma karanta layin da ke ƙarƙashin maɓallin biya ba. Amma ban yarda an yi mata adalci ba. Amincewar da mutum ya bayar shekara biyu da suka wuce, a kan wani farashi, bai kamata a ɗauke ta a matsayin amincewa da wani farashin yau ba. Kamfanin da ya iya karɓar kuɗi da latsawa ɗaya ya iya sakin mutum da latsawa ɗaya, ya kuma iya rubuta adadin kuɗi a kan saƙon tuni. Abin ya fi ciwo da yake VPN ne, sana'ar da jarinta kaf amana ce. Kana miƙa wa kamfani duk zirga-zirgarka ta intanet bisa alkawarin ba zai leƙa ba, ba ka da hanyar gani da idonka. Idan ya yi maka wayo a wurin da kake iya gani, wato lissafin kuɗi, da me za ka yarda da shi a inda ba ka gani?

Kuma ba dole ne a yi kasuwar haka ba. Kamfanin VPN mai suna Mullvad na ƙasar Suwidin ya daina karɓar sabuwar rajista mai sabunta kanta a 2022, yana mai cewa tsarin yana tilasta masa ajiye bayanan biyan kuɗin mutane na tsawon lokaci, abin da ya saɓa wa sirrin da yake sayarwa. A wurinsu ka biya, lokacinka ya ƙare, idan kana so ka sake biya. Wannan ya nuna wata fuska da ba a cika kula da ita ba: rajista mai sabunta kanta igiya ce da ke ɗaure asusun VPN da katinka da sunanka muddin tana raye.

Saboda haka ne ƙanwata ba ta tsaya a kan dawowar kuɗi ba. Sai da ta ga ya shiga asusunta tukuna, sannan ta cire katin daga shafin, sannan ta nemi a goge asusun baki ɗaya. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya fara da goge asusu ya rasa wurin da zai nuna shaidarsa, kuma idan Apple ko Google ko PayPal ne ke riƙe da umarnin cirar, gogewar ba lallai ta taɓa shi ba.

Daga baya wani aikin ya sake buƙatar VPN. Ta ɗauki na wata uku a wani kamfanin, da imel ɗin da take dubawa, kuma a zaman da ta biya ta koma sashen biyan kuɗi ta kashe sabuntawar kafin ma ta sauke manhajar. A rajistar da aka riga aka biya, hidima tana ci gaba har ƙarshen wa'adi ko an kashe. Gwajin kyauta ne ke buƙatar lura, domin wasu suna yankewa nan take da an soke, kuma Apple yana ba da shawarar a soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Ta duba shafin ya nuna ranar ƙarewa maimakon ranar cira ta gaba, ta ɗauki hotonsa ta ajiye tare da rasit.